Kwarin da Yake Ɓuya Idan Sarki Zai Zo

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai sanyin hali, mai sakin fuska, wanda Allah ya hore wa ido mai gane abu mai kyau da baki mai saurin yaba shi. Ba ya duka, ba ya zagi, kurkukunsa ma har ciyawa ta tsiro a bakin ƙofarsa. Sai dai ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: duk abin da sarki ya yaba, dole mai shi ya durƙusa ya ce, "Naka ne, ranka ya daɗe," kuma kafin gari ya waye fadawa sun zo sun ɗauke shi. In doki ne a ja shi, in gona ce a kafa mata shaida, in kuwa gwanintar mutum aka yaba, to mutumin ɗungurungum ake tafiya da shi fada. Shi kuwa sarki, bawan Allah, gani yake mutanensa ne Allah ya yi wa yawan kyauta. To wa zai gaya masa gaskiya? Fadawan da ke cinye rabin kayan tun a hanya?

A ƙasan birnin sarkin akwai wani kwari da ake kira Rafin Dinya, inda gulbi ya ratsa tsakanin tsaunuka yana lanƙwasa cikin fadamu. Sarki ya ƙaunaci wurin nan tun yana ɗan sarki, lokacin da yabonsa bai fi na kowa nauyi ba. Da ya hau gadon sarauta sai ya riƙa fita kwarin duk kaka, da tambari da jama'a. Da mutanen kwari sun jiyo tambari daga nesa, sai wuri ya rikice. A kora shanu masu ƙiba bayan tsauni, a bar ramammu a bakin hanya. Mata su kwashe shanyarsu daga kan duwatsu su ɗaura tsummokara. Mai lambu ya jingina tsofaffin zana ya rufe shukarsa. Sarki ya zo ya wuce, ya koma gida yana cewa kwarin nan ya tsufa, ba kamar yadda ya san shi ba.

A cikin kwarin akwai wani tsoho, Malam Ilu, wanda ake kai wa ƙara idan maƙwabta suka saɓa, ake kuma neman shawararsa idan al'amari ya cushe. Bukkarsa da buzunsa da butarsa, iyakar abin da ya mallaka ke nan, don haka shi kaɗai ne ba ya motsawa idan tambari ya yi ƙara. Maƙwabcinsa wani mai lambu ne, Cindo, wanda ya gaji lambu da rijiya a wajen mahaifinsa, ya kuma dasa itatuwan rumman a ciki, ya yi shekaru yana ba su ruwa da jigo har tafin hannunsa ya yi kanta.

Wata rana da safe Malam Ilu ya leƙa lambun, ya tarar da Cindo a tsugune yana wasa gatari a kan dutse, idonsa ya yi ja.

"Lafiya, Cindo? Wane icce ne ya yi maka laifi?"

"Allah ya gafarta Malam, jibi sarki zai fito. Dubi rumman ɗin nan. Sun fi zana tsawo, kuma bana ne suka fara 'ya'ya, daga hanya ma ana hango jansu. In ya gani zai yaba, in ya yaba kuwa ba itatuwan kaɗai za a ɗauka ba, har lambun da rijiyar. Gara in sare su in tsira da ƙasar da iyalina ke ci."

Malam ya dubi itatuwan, ya dubi gatarin, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce, "Ka ajiye gatarin nan zuwa faɗuwar ranar gobe. In rana ta faɗi ban zo maka da wata magana ba, sare abinka, ba zan hana ka ba."

"Me za ka yi, Malam?"

"Ni ma ban gama sani ba," in ji tsohon, gaskiya kuwa ya faɗa.

Washegari ya ɗauki sandarsa ya hau birni, ya nemi iso, aka shigar da shi gaban sarki. Ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ya sarki, na zo in ba ka labarin wani kwari a cikin ƙasarka, wanda ya fi duk inda ka taɓa gani kyau, kai kuwa tun da ka hau mulki ba ka taɓa sa shi a ido ba."

Sarki ya gyara zama. "Wane kwari ne wannan, ya kai dattijo, da yake cikin ƙasata ban san shi ba?"

"Rafin Dinya, ranka ya daɗe."

Fada ta ɗauki dariya. Waziri ya ce tsufa ne ya taɓa tsohon, domin ko bara sarki ya ratsa kwarin daga kai har ƙarshe.

"Haka ne," in ji Malam Ilu. "Sarki yakan je, amma kwarin yakan ji zuwansa ya tashi, sai ya wuce ya dawo. In kana son ka tarar da shi a gida, ya sarki, ka zo mu taka da ƙafa yau bayan la'asar, ba tambari, ba doki, ba bafade, da riga irin ta kowa, ka ja amawalin rawaninka ka rufe baki. Sharaɗi ɗaya ne: daga la'asar zuwa faɗuwar rana, ka tambayi duk abin da ka ga dama, amma kada ka yaba komai."

"Wannan ai ba sharaɗi ba ne," in ji sarki yana murmushi. "Me ya fi yin shiru sauƙi?"

Waziri ya yi ta kawo dalilai, sarki ya ɗaga masa hannu. Aka yi sallar la'asar, suka fita ta ƙaramar ƙofa su biyu, suka gangara.

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Gulbin ya kwanta, ruwan ya yi garau har ana ganin yashin ƙasa da ƙananan kifaye suna wulgawa. Shinkafa ta sunkuyar da kai a fadama, rake ya yi duhu a gefenta, giginyu sun jeru a gindin tsauni, inuwarsu ta miƙe har bakin ruwa. Mata sun shanya zannuwa a kan duwatsu, baƙi mai sheƙi da ja da fari, suna ta hira da dariya. Iska mai sanyi tana tasowa daga ruwan da ƙamshin ciyawa. Malam yana tafe yana satar kallon sarki, ya ga idonsa ya buɗe kamar na mai azumin da aka ajiye wa ƙwaryar fura a gaba. Sai a lokacin ya gane girman abin da ya yi: ya kawo mutumin da kowa ke ɓoye wa kaya, a ranar da babu wanda ya ɓoye komai.

Ba su yi nisa ba sai ga garken shanu farare suna ƙetare gulbi, balbelu na binsu. A gaba akwai wani bijimi mai tozo, ruwa na zuba daga jikinsa. Sarki ya tsaya cak, ya ja numfashi zai yi magana. Malam ya yi tari mai ƙarfi. Sarki ya haɗiye maganarsa da ƙyar, sannan ya ce, "Shanun wace ƙasa ce waɗannan?"

"A nan aka haife su, ya sarki."

"To ina suke zuwa duk lokacin da na fito?"

"Sukan tafi ziyara bayan tsauni."

"Me ke korarsu?"

"Wata dabba ce," in ji Malam. "Ba ta da ƙashi ko ɗaya a jikinta, ba ta taɓa cizon kowa ba, lasa kawai take yi cikin ƙauna. Amma duk abin da ta lasa, ya bar gidan mai shi ke nan."

Sarki ya ɗaure fuska. "Ka nuna mini raminta in aiko maharba."

"Maharbanka ba su isa ba, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan yake iya ɗaure ta, yau ma a ɗaure take tun la'asar."

Sarki ya dube shi, suka ci gaba. Hanya ta bi ta ƙarƙashin itatuwan dinya da kanya, ta fito wani mashigi inda gulbin ya yi faɗi. A nan suka tarar da wata tsohuwa zaune a kan wani jirgi da aka kife a bakin ruwa, ƙasansa duk ya tsattsage. Ta amsa sallamarsu, ta ce wa Malam ina ya samo baƙo.

"Iya, wannan jirgin fa, ina mai shi?" in ji sarki.

"Na ɗana ne, Barmo. Duk gulbin nan babu wanda ya kai shi iya tuƙi. Wata rana sarki ya zo wucewa ya gan shi yana ƙetarar da mutane, ya ce kai, wannan yaro gwani ne. Shi ke nan, aka tafi da shi. An ce yana can yana share bargar dawaki, tunda fada babu gulbi. Mu kuma sai mu naɗe zani mu shiga ruwa."

"Ba ki kai kuka wurin sarkin ba?"

"In ce ya yi mini me, ɗan nan? Bai zage shi ba, bai doke shi ba. Yabonsa ya yi. Mutumin kirki ne, kowa ya sani, shi ya sa ma babu inda za ka kai ƙararsa." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ku sauka lafiya. Allah ya tsare ka da yabon sarki."

Ta faɗe shi ne yadda ake cewa a gaida gida, domin a kwarin nan addu'ar sallama ke nan. Sarki ya yi gaba da sauri har Malam yana haɗawa da ɗan gudu. Da suka yi nisa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na gane dabbar, Malam. Ina tsammanin kyauta suke ba ni."

"Kyauta ce, ya sarki, irin wadda ba a isa a hana ba."

Malam ya ji sanyi a ransa, ya ce a zuci aiki ya yi kyau. Yana waiwayawa kuwa sai ya hango mutane can baya suna laɓewa daga giginya zuwa giginya, ya gane rawanin waziri. Ashe bai yarda ya bar sarki ya fita shi kaɗai ba, ya biyo su da fadawa. Tsohon ya so ya karkata hanya, to amma hanya ɗaya ce a wurin, kuma ta gaban lambun Cindo ta bi.

Rana ta yi ƙasa, ta rataya a kan tsauni, haskenta ya faɗa kan itatuwan rumman. 'Ya'yan sun yi jawur a cikin koren ganye, rassan sun ranƙwafo kan zana saboda nauyi, ruwan da aka zuba da jigo yana bin magudanai yana ƙyalli. Cindo yana tsaye a gindinsu da gatari a kafaɗa, yana duban rana yana duban hanya.

Halin mutum fa ba a cire shi rana ɗaya kamar riga. Sarkin nan da yanzu-yanzu ya gama jin maganar tsohuwa, yana ɗaga ido ya ga itatuwan, sai hannunsa ya ja amawali ƙasa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Tubarkalla. Ban taɓa ganin lambu mai kyan wannan ba."

Cindo ya ga fuskar, ya gane ta. Gatarin ya suɓuce daga kafaɗarsa. Ya dubi Malam Ilu duba ɗaya, wanda tsohon bai manta da shi ba har ya mutu, sannan ya durƙusa ya ce, "Naka ne, ranka ya daɗe."

Malam ya dogara da sandarsa. Da ya bar mutumin nan ya sare itatuwansa tun jiya, da yanzu yana da ƙasa da rijiya. Ga shi da wayonsa ya jawo masa asarar duka.

"Ba na so," in ji sarki da sauri. "Tashi, bawan Allah, ban karɓa ba."

Kafin ya rufe baki waziri ya iso da mutanensa, suka zube suka yi gaisuwa. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun ji yabo, mun ji amsa, magana ta ƙare. Abin da aka ba sarki ba ya komawa. In kuwa sarki ya ce ba ya so, to abin da sarki ya ƙi babu talakan da ya isa ya mora, sai a toshe rijiyar a bar wurin ya zama daji. Haka muka tarar, haka kakanninka suka yi."

Sarki ya juya wajen tsohon. "Malam, kai ka kawo ni. Ina mafita?"

Malam Ilu ya girgiza kai. Ya ce, "Ya sarki, na iya nuna ciwo, amma wallahi wannan karon ba ni da maganinsa. Na sa mutumin nan ya ajiye gatarinsa, ga abin da na saka masa da shi."

Sarki ya daɗe yana duban Cindo a durƙushe. Can ya ce, "Waziri, kai ne masanin al'ada. Abin da sarki ya ba mutum kyauta da hannunsa, wa ya isa ya karɓe shi?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Hakimi fa?"

"Bai isa ba."

"Ni kaina fa, ko wanda zai gaje ni?"

Waziri ya hango inda aka dosa, amma ba shi da hanyar kaucewa. "Ko kai, Allah ya ba ka nasara. Kyautar sarki ba a taɓa ta har abada."

"To na karɓi lambun nan, nawa ne. Ku shaida." Sarki ya sunkuya ya kama hannun Cindo ya tashe shi tsaye. "Ku kuma shaida na ba wannan mutum shi, da itatuwansa da rijiyarsa, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Al'adar kakannina tana nan, ban karya ta ba, ƙari na yi mata. Daga yau duk abin da bakina ya yaba ya zama nawa, kuma a cikin numfashin nan na mayar wa mai shi kyauta. Abin da aka kwasa a baya, wanda yake da rai da wanda bai lalace ba, mutum ne ko dabba ko gona, gobe a fara mayar da shi inda aka ɗauko shi. Wanda ya salwanta kuwa, ni zan je da ƙafata in nemi gafarar masu shi."

Fuskokin fadawa suka yi kamar an ba su maɗaci, amma suka ce sun ji sun bi. Malam Ilu kuwa zama ya yi a ƙasa daɓas, hawaye na bin gemunsa, yana dariya yana hamdala, ko kunyar jama'a bai ji ba.

Rana ta taɓa kan tsauni. Sarki ya sake duban itatuwan, ya ce, "Cindo, yanzu da yake naka ne, ina roƙon arziki. Ka tsinko mini ɗaya in ɗanɗana."

Cindo ya ɗaga hannu zai tsinka, sai ya tsaya. Ya dubi 'ya'yan, ya dubi sarki. Waziri ya zare masa ido.

"Ranka ya daɗe," in ji Cindo, "ba su nuna ba. Jan na waje ne, cikin da saura. In na tsinka yanzu na ɓata shi, kai ma ba za ka ji daɗinsa ba. Ka yi haƙuri sai sun yi."

Wani bafade ya yunƙura, sarki ya tsayar da shi da hannu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya share ido da bakin rawani.

"Malam, tun da na hau gadon ubana ake ce mini naka ne, naka ne, ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar wannan a'a ba. Zan jira, Cindo. In sun nuna ka aiko mini, in ka ga dama."

"Yanzu ka ga kwarin, ya sarki," in ji Malam Ilu, yana miƙewa da sandarsa.

Suka yi alwala a bakin gulbi, suka yi magariba a kan yashi, sarki da waziri da mai lambu a sahu ɗaya, tsohon yana gaba. An ce daga baya har damun sarkin aka riƙa yi a kwarin, kowa na jawo ɗan akuyarsa bakin hanya ko Allah zai sa a yaba. An kuma ce har ƙarshen ransa, idan aka naɗa sabon hakimi ya zo yin mubaya'a, abin da sarkin yake sallamarsa da shi ke nan: "Kada ka auna adalcinka da yawan abin da ake ba ka. Auna shi da talakan da ya hana ka, ya kuma kwana lafiya a gidansa."